Kunyar 'Yar Fari a Ard al-Liwa

Mu huɗu muka sauka Alƙahira: ni, da Malam maigidana wanda ya samu gurbin ƙaro karatu a Giza, da 'ya'yanmu mata biyu. Ƙaramar sunanta Safiyya, lokacin tana goye. Babbar shekararta bakwai, ita ce 'yar farina. A Malumfashi inda na tashi, mace mai tarbiyya ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ma wani ya yaba sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Ni kaina 'yar fari ce, kuma har yau ban taɓa jin sunana a bakin Innata ba. Don haka ku yi haƙuri da ni, a nan ma yarinyar zan riƙa cewa, yadda nake cewa a wancan lokacin.

Masaukinmu na farko a unguwar Faisal ne. Tun muna gida wani simsar, wato dillalin gidaje, ya turo wa Malam hotunan wani gida mai baranda da labule har ƙasa. Na nuna wa duk 'yan'uwana hotunan nan, har da fari da ido. Da muka iso sai ya kai mu hawa na shida, ba na'urar hawa, taga ɗaya tal tana kallon bangon maƙwabta, famfon kuma sai ya ga dama yake kawo ruwa. Malam ya gyara tsayuwa ya yi masa bayani da Larabcin littafi, mai wasali cikakke, irin wanda ya sha bulala kafin ya iya. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce sadaƙallahul azim, ya miƙa mana makulli ya sauka abinsa. Daga baya muka ji gidan da ke cikin hoton na surukinsa ne, kuma mu ne wajen na biyar da aka nuna wa.

Wata huɗu muka yi a nan, kuma ban taɓa sanin mutum zai iya zama cikin miliyoyin jama'a ya rasa wanda zai ce masa ina kwana ba. Malam ya fita tun safe, ni da yara sai bango. Daddawar da na zo da ita ta ƙare a wata na biyu, amma na ƙi yar da gwangwanin. In kewa ta taso sai in buɗe shi in shinshina in mayar. In mun fita kasuwa yara su biyo mu suna samara, wato baƙa, suna shokolata, wato cakulan, wani har ya shafi hannuna ya duba yatsansa. Ni mai zuciya ce, a gida ba a taka ni in ƙyale, amma wa zan rama wa, da wane baki? Sai in dawo in huce a kan tukunya.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wata rana a taragon mata na jirgin ƙasa Safiyya ta ɓarke da kuka, ni ma hawayen na kusa. Wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya ta tashi ta dafa ni ta zaunar a wurinta, ta ɓare lemo tana ba yaran ɓari ɓari, tana ta ma'alish, ma'alish, wato yi haƙuri. Kalmar Larabcin Masar ta farko da na riƙe ke nan. Ban san sunan matar ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Daga nan muka koma Ard al-Liwa, inda wani ɗalibi ɗan Maraɗi ya samo mana gida hawa na biyu. Ranar da muka shiga unguwar na ji kamar an sauke mini kaya. Lunguna ne matsattsu, tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, na gilmawa ta ko'ina kamar ƙudaje, amma duk inda na waiga baƙar fuska ce: 'yan Sudan, 'yan Habasha, 'yan Somaliya. Ka bi ta wannan ƙofa ka ji turaren wuta, ka bi ta waccan ka ji ana suyar gahawa. Ba wanda ya juyo ya kalle ni sau biyu.

Matar maigadin benenmu, Ummu Karim, mace ce mai faɗi da murya. Kwana biyu da tarewarmu ta tare ni a ƙofa ta tambayi sunan babbar 'yata. Na yi kamar ban gane ba, yarinyar ta faɗa da kanta. Ashe su a can da sunan ɗan fari ake kiran uwa, shi ne girmamawarsu. Washegari sai na ji ta daga ƙasa tana ƙwala mini kira, Ummu wance, Ummu wance, duk bene yana ji. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sauko na haɗa ɗan Larabcin da na tara, na ce mata don Allah ta daina, ta riƙa ce mini Ummu Safiyya. Ta dube ni, ta dubi yarinyar da ke tsaye a bayana da ledar tumatir, ta ce tamam, wato shi ke nan. Ni a ganina na gyara ɓarna, na haye sama da kwanciyar hankali.

Yarinyar ta shiga makaranta, cikin shekara guda Larabci ya zauna a bakinta har ta zama tafintana a kasuwa da asibiti. Ina jin daɗinta ƙwarai. In ta rage mana farashi wajen mai kayan miya sai in ji kaina ya yi girma, amma abin da ke fita daga bakina bai wuce, “Ke, ɗauki ledar mu tafi.” Safiyya kuwa, wadda ta ɗebo hasken dangin Malam, kullum tana cinyata, ina yi mata kirari ina cusa mata abinci. Babbar ta biyo ni, baƙa ce sosai mai sheƙi. Sau biyu ta ce mini a aji ba mai yarda ya zauna benci ɗaya da ita. Na ce ta yi haƙuri, karatu ya kai ta. Da daddare kuwa na kasa cin abinci, amma ita ba ta san wannan ba.

A shekararmu ta biyu na san wata cibiya. Wani gida ne a hawan ƙasa, ɗaki uku da falo, wanda baƙin unguwar suka haɗu suka kama don iyalansu. Ana koya wa mata Larabci da ɗinki, ana taya yara aikin makaranta, ana raka wanda takardar zamansa ta ƙare, ana sasanta miji da mata. Ba wani babban ofishi ba ne, kujerun ma kowace da kalarta. Dattawan al'ummomin ne ke jan ragamarta, kuma suna da doka ɗaya da ba sa ɗagawa: duk maganar da ta shafi cikin gidan wani, ba a rubuta ta, ba a kai ta waje, sai dattijo mai jin harshen gidan ya zauna ya ji ta tukun. Ranar Alhamis bayan la'asar suke zama.

Tamu dattijuwar ita ce Hajja Nafisa, Bahaushiyar Sudan. Kakanninta sun taso da ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gari. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta kakata ce, tsohuwa mai nauyi, sai dai ta yayyafa mata Larabci. Ranar farko da ta ce mini, “Ɗiyata, kin wuni lafiya? Ina gajiyar baƙunta?” sai da na fita waje na share ido. Abokiyar zamanta ita ce Mama Rebeka, Kirista daga Sudan ta Kudu, doguwa har sai ta sunkuya a ƙofar cibiyar. Kullum cikin musu suke a kan wa ya fi iya dafa kuɓewa, kuma kullum a kwano ɗaya suke ci.

Akwai kuma Abla Mona, budurwa 'yar Masar da ta karanci halayyar yara. Daga Zamalek, unguwar masu kuɗi, take zuwa a tasi sau biyu a mako, ba a biyanta komai. Yarinya ce mai kirki, ga yawan rubutu. Ranar da na kai yaran rajista ta buɗe takarda ta tambaye ni sunan babbar. Na yi dariya na nuna ta da baki, na ce ta tambaye ta. Da aka zo kan Safiyya kuwa na zuba kamar an kunna rediyo, har ranar da ta fara haƙori sai da na faɗa. Na ga ta ɗago ta dube ni ta ƙara rubuta wani abu, na ɗauka yabona take yi.

Bayan kamar wata uku Hajja ta aiko in zo ranar Alhamis, ni kaɗai. Na tarar da su uku a ɗakin ciki, Hajja da Mama Rebeka da Abla Mona, an zuba shayi ba wanda ya taɓa. Abla Mona ta yi magana mai tsawo idonta a ƙasa. Hajja ta juyo gare ni.

“Ɗiyata, abin da zan faɗa ba nawa ba ne, nata ne, kuma doka ta ce sai na faɗa miki yadda ta faɗa. Tana tambaya, yarinyar nan ke kika haife ta, ko 'yar aiki ce kuka taho da ita?”

Jini ya hau mini ka. Na ce, “Hajja, ki gaya mata kwana biyu na yi ina naƙudarta. Ki kuma tambaye ta ko ita ta taɓa haihuwar ko da ƙwai ne.”

“Na farkon zan fassara,” in ji Hajja, “na biyun ki bar mini ajiya.”

Sai Hajja ta sa Abla Mona ta lissafo dalilanta. Ba na kiran sunan yarinyar. Ba na taɓa ta. In an yabe ta ina kau da kai. Da aka nuna mini zanen da ta yi, na ce a ba ƙanwarta ta yi wasa da shi. Hajja na ji tana danne dariya har ta kasa, ta yi ta kyakyatawa tana dukan cinyar Mama Rebeka. Ta bayyana musu da Larabci cewa wannan kunya ce, al'adarmu ce, ita ma ɗanta na fari yanzu har ya yi jika amma ba ta taɓa kama sunansa ba. Ta ce da za a tsaga ƙirjina, yarinyar nan za a fara tararwa. Na gyara zama ina jiran a ba ni haƙuri.

Abla Mona ba ta yi dariya ba. Ta ce ta gane, kuma ta roƙi gafara a kan zarginta, amma akwai saura. Shekaranjiya suna wanke hannu bayan fenti ta ga damtsen yarinyar duk ya saɓule, wani wurin ya yi ɓawo, wani ɗanye. Da farko ta zaci duka ne. Da ta lallashe ta sai yarinyar ta ce ita ta yi wa kanta, da soson ƙarfe na wanke tukunya, kullum in ta shiga wanka. Hajja ta ƙarasa fassarar a hankali.

“Ta ce in ta yi haske kamar Safiyya, wataƙila ki yarda a riƙa kiranki da sunanta.”

Mako biyu ke nan ina ganinta da riga mai dogon hannu cikin zafin nan, har ina cewa a raina yarinya ta fara hankali. Ni da nake gane kukan Safiyya cikin yara ashirin, ban ga hannun 'yata ba, saboda na hore wa idona kada ya daɗe a kanta. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun da na zo ƙasar. Mama Rebeka ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta, tana wata magana da harshensu da ban ji ko kalma ba.

Da na lafa Hajja ta sallami Abla Mona, ta ce magana ta dawo hannun dattawa, ba abin da za a rubuta. Sannan ta matso.

“A Malumfashi, wa ke kiran sunanta?”

Na ce kakarta ta wajen uba, a ɗakinta ma take kwana. Da Innata. Da ƙannena mata uku da ke rige-rigen yi mata kitso. Da ƙanin Malam da ke ce mata matarsa, yana kawo mata alewa.

“Ke fa, da kina ƙarama, wa ya gaya miki Innarki na sonki?”

Na ce kakata. Ita ce in an ba ni tsoka za ta raɗa mini cewa Inna ce ta ɓoye mini.

“To a nan wa ke raɗa mata?”

Na ce ba kowa.

“Kin ɗauko kunya kin sa a akwati, kin baro gidan da ke riƙe da ita,” in ji Hajja. “Nawa ɗan goggonni bakwai suka yi ta dagwalgwala shi, bai ma lura ba na kiransa ba. Taki daga ke sai bango, sai 'yan makaranta da ke gaya mata abin da suka ga dama. Mu za mu yi namu. Daga yau ni ce kakarta, Rebeka goggonta, ko tana so ko ba ta so. Amma ba sunanta a bakina ta saɓule hannu don ta ji ba. Khalas, na gama.”

Sun kuwa yi nasu. Ranar Asabar Mama Rebeka ta kira yarinyar, ta naɗe hannun rigarta ta kara da nata, ta ce da Larabci, “Dubi nan. Ke a garinmu ai Baturiya ce, sai an sa miki hula kada rana ta ƙona ki.” Yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta shafa mata man kaɗanya a ciwon, ta zaunar da ita ta yi mata kitson garinsu. Hajja kuma ta shiga tsokanarta irin ta kaka da jika, ta ce ta ƙwace mata miji, ta ce abincinta ba gishiri. Sun kuma je makarantar su biyu, Hajja da sandarta, suka zauna da shugabar har aka sauya wa yarinyar wurin zama. Abla Mona ta zo ta same ni da wani littafin zane ta ce in ba ta da hannuna. Na karɓa, muka kama hannun juna.

Malam da na gaya masa ya daɗe yana salati. Ya ce shi ma da laifinsa, Malama ƙarama yake ce mata. A ranar ya kira ta da sunanta tiryan-tiryan, ba ko gargada, kamar dama yana jira. Har haushinsa na ji.

Ni kuwa abu ya gagara. Na wanke mata ciwon da kaina, ina yi ina kallon bango. Na ce mata baƙinta irin nawa ne, ta ce to. Amma sunan ya ƙi fita daga bakina. In ba kowa a gida sai in tsaya a kicin in gwada faɗa wa tukunya, a hankali, in waiga ko wani ya ji. Da ta shigo sai in ji bakina ya ce, “Ke.” Kullum Hajja ta gan ni sai ta ɗaga gira, in girgiza kai, ta ce, “Yalla, hanzarta, ɗiyata, yarinya girma take yi.”

Na kira Innata a waya na kwashe komai na gaya mata. Can ta ce, “Ke, garin mutane kike. Ki yi abin da zai fisshe ki da 'yarki.” Sannan ta ƙara da cewa, “Amma in kun dawo kada ki yi a gabana.” Na yi dariya ina hawaye. Ko a wannan wayar ba ta kama sunana ba, kuma ban ji komai ba, don ni an raɗa mini tun ina ƙarama.

Wata Asabar da yamma muka fito daga cibiyar. Safiyya na hannuna, yarinyar na gaba da taku uku yadda ta saba, don ban taɓa barinta ta jera da ni ba. Sabon kitso ne a kanta, kuma ranar ce ta fara sa riga mai gajeren hannu tun da ciwon ya warke. Daidai wajen mai sayar da burodi wasu samari a tuk-tuk suka rage gudu, ɗaya ya leƙo ya ce shokolata, suka yi gaba suna dariya. Yarinyar ba ta tsaya ba. Na dai ga ta sa hannu tana jan hannun rigar ƙasa, tana ja, rigar ba ta kai ba.

Na ce, “Bilkisu.”

Ta tsaya. Ta waiga ta bayana tana neman Hajja. Ta duba ƙofar cibiyar, ta ɗaga kai ta duba tagogin bene. Ni da ke tsaye a gabanta ba ta dube ni ba.

“Bilkisu,” na sake cewa. “Ni ce.”

Ta zuba mini ido, fuskarta duk tsoro. “Mama, me na yi?”

“Ba ki yi komai ba. Zo ki kama hannuna, motoci sun yi yawa.”

Ta zo ta kama, da ɗan nesa-nesa, kamar hannun baƙuwa. Muka wuce mai burodi, muka wuce shagon gahawar Habashawa. Tafin hannunta duk gumi, nawa ma haka. Da muka shiga lungunmu sai ga Ummu Karim zaune a ƙofar bene tana gyaran wake. Ta ɗago ta ce, “Ahlan, Ummu Safiyya.”

Na tsaya. Larabcina ya gudu ya bar ni, ko kalma ɗaya na kasa kamowa. Na sunkuya wajen tafintana na ce, “Gaya mata ta koma kirana yadda ta fara.”

Bilkisu ta buɗe baki za ta fassara, muryar ta ƙi fita. Ta sake gwadawa, ta ƙi. Sai ta saki hannuna ta rungume ni ta cusa fuskarta a cikina, a tsakiyar lungu, a gaban duk mai wucewa, ni kuma ban kau da kai ba.